Ranar da Dattijo Ya Shiga Rami

Ranar kasuwar Tudun Wada ce, ofishin malaman dabbobi ya cika da masu awaki da tumaki, sai ga wata budurwa ɗan acaɓa ya kama mata sun sauke bahon wanki lulluɓe da zani. Uwais, matashin malamin da ke aiki a ranar, ya ɗauka kaji ne. Yana ɗaga zanin ya ga ƙaton kunkuru, bayansa sai ƙyalli yake kamar sabon akushi.

Masu jira suka bushe da dariya. Shi bai yi ba, don ya ga idon mai bahon ya ciko da ƙwalla.

"Sunansa Dattijo," ta ce. "Na Gwaggona ne. Yau kwana goma sha ɗaya bai ci komai ba."

"Ke fa?"

"Ni na ci."

"Sunanki nake tambaya."

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Zulaihat."

Uwais ya tsuguna ya yi aikinsa a tsanake. Idanun kunkurun sun kumbura, hancinsa yana fitar da kumfa. Ya danna ƙoƙon bayan da na cikin, ya ja ƙafar baya ya ga da ƙyar ya janye ta. Ya ɗora shi a sikeli, kilo sha tara. Ya tambayi abin da ake ba shi, ta ce tuwo da miya, irin na kowa a gidan. Tun da aka yi wa tsakar gida siminti a ɗakin Gwaggo yake wuni, kuma duk Juma'a Gwaggon da kanta take shafe masa baya da man shanu.

"Gata ne yake neman kashe shi," in ji Uwais. "A daina tuwon, a daina man. Ki mai da shi inda akwai ƙasa, ya sha hantsi, ya samu inuwa. Kullum ki zaunar da shi cikin ruwa mai ɗumi, kada ya wuce haɓarsa. Abincinsa ciyawa ne, da ganyen wake da yakuwa."

Ya yi masa allurar da ta dace da shi, sannan ya karɓi lambarta. Ya ce saboda mara lafiya ne. To, haka dai ya ce.

Mako biyu wayar Zulaihat ba ta huta ba.

"Malam, yau kumfar hancin ta ragu. Ya buɗe ido ɗaya."

"Alhamdu lillahi. Mai jinya fa, ta buɗe nata ta ga wanda ke jiran amsarta?"

"Kai dai ka ji da Dattijo."

"Biyu nake jinya, Zuly. Shi da zuciyata."

Ta karanta wannan saƙon sau ba adadi, tana murmushi ita kaɗai a bayan ɗaki inda ta killace wa Dattijo wuri. Ta kamu, ita ma ta san ta kamu.

Sai dai gidan ba a hannunta yake ba. Gwaggo Hajara yayar mahaifinta ce, ita ta riƙe ta tun daga yaye, kuma mahaifin nata, Malam Inuwa, bai taɓa tsallake maganar yayarsa ba. Marigayi mijin Gwaggo ne ya tsinto kunkurun a dajin Doguwa shekarar da suka yi aure, yau shekara arba'in da biyu. Allah bai ba su haihuwa ba. Da Uwais ya zo gaishe ta da maganar neman izinin zance da Zulaihat, ko tabarma ba ta sa an shimfiɗa masa ba.

"Kai ne ka ce a hana shi tuwo?" ta tambaye shi. "Tun ba a haifi uwarka ba nake ciyar da shi."

Ita tana da nata ɗan takarar, Badamasi jikan ƙawarta, mai sayar da magungunan dabbobi a kasuwa. Shi kuwa duk abin da Gwaggo ta ce, sai ya ce ƙwarai.

Ana cikin haka zafin bazara ya tsananta. Wata safiya Zulaihat ta je da ruwan ɗumi ta tarar babu Dattijo, sai wani rami a gindin katanga. Ta zura hannu har kafaɗa ba ta taɓo shi ba. Kwana ɗaya, biyu, har shida, ganyen da take ajiyewa ya bushe a bakin ramin.

Gwaggo ta daina cin abinci. "Kabarinsa ya haƙa," ta ce. "An kore shi daga ɗakina ya je ya mutu a ƙasa. Ki faɗa wa yaron nan kada ya sake taka mini ƙofar gida. Ko bayan raina ban yarda ba."

Zulaihat ta rubuta masa tana kuka: "Ka ce zai warke. Yanzu ga shi na rasa shi, zan kuma rasa ka. Ka faɗa mini gaskiya, ya mutu?"

Amsar ba ta yi mata daɗi ba. "Ban sani ba, Zuly, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma mai ƙarfin haƙa rami ba ya kan hanyar mutuwa. Zafi ya guje wa. Ki sunsuna bakin ramin, in babu wari ki ƙara haƙuri."

Babu wari. Haƙurin ne ya ƙare wa Gwaggo. A rana ta bakwai bayan azahar Badamasi ya shigo da magirbi da sirinji, ya ce za a tono shi a yi masa allurar tsutsar da ake yi wa awaki, mace ko raye. Zulaihat ta ɗauki hoton kwalbar a ɓoye ta tura.

Nan take waya ta yi ƙara. "Kada ki bari. Wannan allurar kashe kunkuru take yi. Magirbin ma zai iya fasa masa baya. Ga ni nan."

Yarinyar da ba ta taɓa yi wa Gwaggo musu ba ta je ta zauna a bakin ramin.

"Tashi, Zulai."

"Gwaggo, ki yafe mini. Ba zan tashi ba."

Haka Uwais ya yi sallama daga zaure ya same su. Bai shigo ba sai da Malam Inuwa ya yi masa izini. Ya durƙusa a gaban Gwaggo.

"Ki ba ni zuwa faɗuwar rana, Gwaggo. In bai fito ba, ni zan tono shi da hannuna, kuma ba za ki sake ganina a gidan nan ba."

Zulaihat ta dube shi. Ya yi alkawari da abin da ba shi da iko a kai.

Ya sa aka kawo ruwa a buta, ya yayyafa a ƙasar da ke kewaye da ramin har ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya tashi. Ya zuba sabuwar yakuwa, ya ce kowa ya ja baya a yi shiru. Aka yi la'asar aka dawo. Badamasi ya duba agogo sau uku, ya ce yana da masu jira a rumfa, ya tafi. Inuwar katanga ta cinye tsakar gidan. Gwaggo tana jan carbi, Zulaihat ta kafa wa ramin ido.

Sai ƙasar bakin ramin ta ɗan zube. Wani busasshen kai ya leƙo, ya tsaya kamar mai tunanin ko ya fasa. Sannan Dattijo ya jawo jikinsa, buɗu-buɗu da ƙasa, ya kafa baki a yakuwa.

Gwaggo ta rarrafa gare shi. Uwais ya matso ya nuna mata. "Dubi idon, Gwaggo, duka biyun garau. Taɓa hancin, a bushe yake. Ja ƙafar ki ji." Ta ja, Dattijo ya fizge da ƙarfi har ta kusa faɗuwa. Ta yi dariya hawaye na bin kumatunta.

"In aka kula da shi haka," in ji Uwais, "zai iya ƙara shekara talatin, ko fiye."

Dariyar ta tsaya. Gwaggo ta daɗe tana kallon kunkurun.

"Talatin," ta ce a hankali. "Ni ina tsoron kada ya tafi ya bar ni, ashe ni ce zan bar shi." Ta juya ga ƙaninta. "Inuwa, ka ce wa yaron nan ya turo magabatansa."

Bayan an kawar da amfanin gona aka ɗaura auren. Da yamma, kafin motar amarya ta tashi, Gwaggo ta sa aka kira mata ango. Ta kama hannun Zulaihat ta damƙa masa.

"Wannan ka tafi da ita yau. Wancan na bayan ɗaki ka bar mini shi tukuna, mu ƙarasa hirarmu. Ranar da aka ce maka babu ni, ka zo ka ɗauke shi, kada ya kwana a hannun kowa. Su biyu ke nan gare ni a duniya."

Zulaihat ta faɗa jikinta tana kuka. Uwais ya kasa ɗaga kai, ya ce, "Na karɓa, Gwaggo."

"Allah Ya yi muku albarka," ta ce. "Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba, Ya sa ku tsufa tare."

Matan da ke tsakar gida suka amsa da amin.