Agwagwar Gidan Sinuwa

Shafa'atu na ninke atamfofin lefenta, saura sati uku ɗaurin aure, Nura ya yi sallama. Bai zauna ba, ya miƙa mata waya.

"Shafa, mi ne ne wanga a cikin faranti?"

Ta duba. Hotonta ne da Karima, sabuwar ƙawar da ta yi a mota kan hanyar Madawa, mai yi wa Sinuwa, 'yan China masu gyaran hanya, tafinta. Ranar Lahadi Karima ta kai ta restoran ɗinsu. Shafa'atu ta yi ta kokawa da tsinken cin abinci har Karima ta tausaya ta nemo mata cokali, suka yi dariya, aka ɗauki hoto, aka ɗora a WhatsApp.

"Agwagwa ce. Musulmi ya yanka, na tambaya!"

Nura ya dafe kai. "Da kin ci kare, da sauƙi."

Gidan su Nura a Sabon Gida sun musulunta tun zamanin kakan kakansa, kuma ba su gajiya da faɗin haka. Abu guda ne tsohon addini ya mance bai kwashe ba: agwagwa kan-gidansu ce. Ba su ci, wadda ta ci kuma ba ta shiga gidan da aure.

Malam Barmo, mahaifin Nura, bai ambaci wannan ba da ya aiko a maido lefe. Cewa ya yi yarinya ta ci haram wurin kafirai. Liman ya ce agwagwa halal ce. Aka yi masa godiya, aka kwashi akwatuna.

"Baba, ku ji tsoron Allah!" in ji Nura. "Mi ta yi?"

"Tambayi kakarka. Ita ta rantse in yarinyar ga ta shigo, ita ta fita."

Shafa'atu ta yi kuka har ta rame. Karima ta aiko da "désolée", ban haƙuri da Faransanci, da hoton fuska mai hawaye, aikin hanya ya yi gaba, ita ma ta bi shi. Yaran lakwal, makarantar da Shafa'atu ke koyarwa, suka riƙa kukan agwagwa in ta juya baya.

"Ki fid da shi a ranki," in ji innarta. "Maza ba su ƙare ba."

Ba ta fid da shi ba. Duk Juma'a takan hau kabu-kabu zuwa Sabon Gida, ta durƙusa a bakin zaure ta gai da tsohuwa Jima, kakar Nura. Jima ba ta amsawa. An cire albasa sau biyu ana haka, an nuna wa Nura 'yan mata uku, ya ce duk suna da kirki, ya koma gona.

Wata Juma'a aka ce tsohuwa na kwance, kuma ta ce a shigo da "mai agwagwa". Barmo da Nura na zaune gefen tabarma.

"Ɗiyata," in ji Jima, muryarta da ƙyar, "da daɗi?"

Shafa'atu ta durƙusa. "Da ɗan zaƙi, Kaka."

"Tawa ba gishiri ma. Shekarar babbar yunwa, mai gida ya tahi cin rani, na kama agwagwar maƙwabta na dafa. Barmo, kai ka ci cinya."

Barmo ya zaro ido.

"Bayan kwana tara ƙanwarka Habsa ta rasu. Shekara arba'in ina cewa ni na kashe ta." Hawaye ya gangaro mata. "Ga wannan, ta ci, shekara biyu ina jiran ta faɗi, kullum sai ta zo da ƙafarta. Yunwa ta ɗauke Habsa. Ku mai da akwatunan."

Jima ta cika ranar Litinin. Bayan sadakar arba'in aka ɗaura aure, ba kiɗa. Da aka buɗe akwatunan, gara ta ɗan ci atamfa biyu.

Haƙuri ya biya Shafa'atu, ko da yake bai maido mata shekara biyun ba. Iyaye, kafin ku raba masoya a kan wata doka ta gida, ku tambayi tsofaffinku abin da ke ƙarƙashinta tun suna iya magana. Sau da yawa wani baƙin ciki ne da ba a taɓa faɗa ba.