Fitilar Cikon Haƙori

Da cikon haƙorin wani tela ya faɗo a tafin hannunta, Likita ta danna shi da farce. Samansa tauri kamar dutse, ƙasansa laushi kamar cingam. Ta juya shuɗiyar fitilar da haskenta ke ƙafar da ciko, ta ga ba tata ba ce. An sace ta gaske, an ajiye jabu mai kama da ita.

Ranta ya ɓaci matuƙa. Marasa lafiya sun riga sun kai ƙara, hukuma na shirin karɓe lasisinta. Ta kira 'yan sanda.

Sufeto, mutum marar haƙuri, ya fara da mai shara.

"Ranka ya daɗe, ko makullin ɗakin ba ni da shi."

Sufeto ya duba, haka ne. Ya juya kan nas.

"Ke ke riƙe fitilar?"

"Ni ce, kuma na gaji! Tun watan jiya ƙaramin likita ke sa ni riƙe ta ninkin lokacin da aka saba, har hannuna ya sage. Ciko ma sirara-sirara yake shimfiɗawa, kamar mai rowa."

Ƙaramin likita ƙanen Likita ne, ita ta koya masa aikin.

"Likita, me ya sa ake shimfiɗa ciko sirara-sirara?" in ji Sufeto.

"Abin yana tsukewa in haske ya taɓa shi. In ya yi kauri, sai ya bar giɓi, ƙasansa kuma ya ƙi ƙafewa."

"Cikon wa ke faɗuwa?"

"Nawa kaɗai."

Sufeto ya tsare ƙanen da ido. "Fitila ɗaya kuke amfani da ita. Naka na zama, nata na zubewa. Wa zai ninka lokacin haske rana tsaka, in ba wanda ya san fitilar ba ta da ƙarfi ba? Ruwa ba ya tsami banza. Ina ta gasken?"

Ƙanen ya yi ta kame-kame, sannan ya faɗi: fitilar tana wani shago da yake shirin buɗewa a ɓoye.

"Yaya, aro na yi, zan mayar..."

"Aro?" in ji Likita cikin fushi. "Ka kare sunanka, ka bar nawa a kwata! Da wannan fitilar na cike haƙorin Mama, kana tsaye kana miƙo mini auduga. Tun ranar ba ta iya tauna komai ba."

Sufeto ya ciro ankwa. Likita ta buɗe musu ƙofar fita da kanta.