Kwalba ta Biyar

Dutsen farko ya faɗo kan kwanon rufin gida gab da magariba, lokacin da Dakta ke kicin tana jiran ruwa ya tafasa. Maigida ya leƙa waje, ya zagi yaran maƙwabta, ya dawo. Washegari aka yi jifa uku. A kwana na huɗu firiji ya fara buɗe kansa, kuma daga cikinsa ake jin wani abu kamar kukan jarirai daga nesa.

Dakta ba likitar mutane ba ce. Aikinta shi ne ta ɗebo ƙasa da ruwa daga wurare daban-daban, a niƙa a ɗakin bincike, na'ura ta karanta asalin ƙananan halittun da ido ba ya gani, a gano abin da suke ci da abin da suke fitarwa, da ƙwayoyin cutar da ke shiga cikinsu. Wurare biyar aka ba ta: gona, daji, kogi, tsohuwar rijiya, sai wani tafki mai nisa. Ragowar abin da ta ɗebo kuwa a kwalabe take zubawa, a firijin gida take ajiyewa, don wutar ofis ba ta da alƙawari.

Kwalba ta biyar, ta tafkin, ita ta ɗaga sunanta. An sami halittu a ciki waɗanda ba a taɓa gani ba, shugabanta har miƙewa ya yi ya tafa mata. Shi kuwa Maigida, ko mai gyaran famfo ne ya shigo sai ya sha labarin tafkin nan kafin ya taɓa famfo.

A kwana na bakwai abin ya koma kan 'yarsu Auta, mai shekara sha huɗu. Aka tarar da ita zaune gaban firiji, idanu a kafe, ta daina ci, ta daina amsa sunanta. Kwana biyu tana haka, jiki na zubewa. Dakta ta gwada asibiti, asibiti ya ce bai ga komai ba. Surukarta ce ta ɗauko malami, wani dattijo marar yawan magana.

Da rana ta yi ja, gidan ya yi tsit, malamin ya zauna ya fara karatu a hankali. Can sai Auta ta ɗago, murya ta fito daga bakinta, mai kauri, ta tsohuwa.

"Daina ƙona ni. Gidana aka ɗebe, da 'ya'yana a ciki."

"A ina?" in ji malamin.

Maigida ya yi saurin cewa, "Wallahi a tafkin nan ne, Malam."

Muryar ta yi dariya har sai da murfin firiji ya girgiza. "Wane tafki? Ni a lambatun bayan banɗakinku nake, tun kafin a aza tubalin gidan nan. Tambayi matarka abin da ta rubuta a jikin kwalba."

Duk suka juya. Dakta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Gaskiya ce. Ranar da za ta je tafkin mota ta lalace, wa'adi ya ƙure, ta gaji liƙis. Da magariba ta tsuguna a bayan banɗaki da cokali, ba ko bismilla, ta kwashi taɓo ta zuba a kwalba, ta manna takarda ta rubuta "tafki". Ta ce wa ranta wa zai sani.

"Ta ɗauki nawa, na ɗauki tata," in ji muryar.

"Ba za ki tafi da yarinya ba," malamin ya ce. "Za a mayar miki da kayanki."

"Ai ta riga ta niƙe rabinsu. Da me za ta mayar?"

 Surukar ta rufe baki da mayafi. Maigida ya kasa kallon kowa.

"Faɗi abin da zai wadatar," in ji malamin.

"Ta mayar da ragowar da hannunta. Sannan waɗanda suka tafa mata, ta gaya musu inda ta ɗebo."

Dakta ta san me wannan ke nufi: za a janye binciken, wataƙila da aikin gaba ɗaya. Ta dubi wuyan Auta da ya rame. Ta ɗauko kwalbar, ta je ta tsuguna a bayan banɗaki, ta yi bismilla ta juye. Ta dawo ta kira shugabanta a gabansu, ta faɗa masa komai. Bai zage ta ba, da ya zage ta ma da ya fi mata sauƙi. "Ke?" kawai ya ce, ya kashe waya.

Auta ta yi atishawa uku, ta sulale jikin kakarta. Da ta buɗe ido ta ga kowa ya sunkuyar da kai.

"Umma, me ya faru? Wani abin kunya na yi?"

Dakta ta durƙusa, ta kama hannunta.

"A'a, Auta. Ba ke ba ce, ni ce. Sha ruwa tukuna, ni zan faɗa miki da bakina."