Jirgin da Raƙumi Ya Bari a Kan Tebur

Ranar da suka fara haɗuwa, faɗa suka yi a kan kujera.

A makarantar horar da matuƙan jiragen soja ne, sashen jirage masu saukar ungulu. Ta ajiye kwalkwalinta a kujerar gaba ta fita shan ruwa. Da ta dawo, sai ta tarar da wani dogon saurayi ya miƙe ƙafafu a wurin, kwalkwalin nata kuma an sauke shi ƙasa.

"Malam, wurina ne."

"Ban ga suna a jiki ba," ya ce, ko ɗago kai bai yi ba.

"Ai ka ga kwalkwali. Ko tsayin ne ya shanye maka hankali?"

Sai a lokacin ya dube ta. "A baya gwiwoyina ba sa shiga. Ke kuwa ko a aljihun tebur aka saka ki, daram za ki zauna."

Ajin ya kwashe da dariya. Kafin mako ya ƙare kowannensu ya sami sunan da zai bi shi har tsufa: ita Barkono, shi Raƙumi.

Manjo, malamin tuƙinsu, mutum ne mai mugun wasa. Da ya ga ba sa ga maciji, sai ya haɗa su a jirgi ɗaya, wannan na tuƙi, wancan na karanta taswira. Abin da kunnen Manjo ya sha a watannin nan, Allah kaɗai ya sani.

"Kana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai."

"Ke kuma kina juyi kamar an biyo ki da bulala."

Gaskiyar magana, kowa da baiwarsa. Barkono ta iya gudu ƙasa-ƙasa, ta ratsa tsakanin tsaunuka ido ko ƙiftawa babu. Raƙumi kuwa in ya tsayar da jirgi cak a sama, sai ka rantse a ƙusa aka rataye shi. Wannan tsayuwar ita ce ta kayar da Barkono a gwajin farko. Ta fito ta zauna a bayan rumfar jirage tana cizon yatsa, sai ga inuwarsa a kanta.

"Kin cika damƙe sandar tuƙin," ya ce. "Kina shaƙe ta kamar wuyana ne."

"Da wuyanka ne, da tuni an wuce wurin."

"Gobe ki zo da wuri in nuna miki. Ba don ke ba, don kada ki kashe ni a sama."

Ta zo. Ta ci gwajin a karo na biyu, kuma ba ta gode masa ba. Da yamma dai saƙo ya shigo wayarsa:

"Raƙumi, ba laifi, ka ɗan yi amfani. Kada kanka ya kumbura, da ma da ƙyar yake shiga kwalkwali."

Ya amsa: "Barkonona, ko godiyarki sai an sha ruwa a kai. Na karɓa a haka."

Ta daɗe tana kallon kalmar farkon nan. Ba ta amsa ba, amma ba ta goge ba. Daga nan so ya shigo musu ta ƙofar faɗa, bai kuma taɓa koyon sallama ba.

To, makarantar tana da wata al'ada. In an gama horo, sai a shimfiɗa dogon tebur a rumfar jirage, a jera ƙananan jirage na katako a kai, kowanne a madadin gurbi ɗaya. A kira ɗalibai ɗaya bayan ɗaya, daga mai maki mafi yawa zuwa na ƙarshe. Wanda ka ɗauka a gaban jama'a, irinsa za ka tuƙa har ka ajiye kaki, babu musaya, babu na-tuba. A shekararsu jiragen jigila suna da yawa, na ceto 'yan kaɗan, na yaƙi kuwa ƙwaya ɗaya tak.

Na yaƙin nan Barkono take so, kowa ya sani. Don shi ta hana idonta barci, don shi ta haɗiye duk wata baƙar magana da mazan ajin suka yaɓa mata. Abin da ta fi tsana a duniya shi ne a ce wani ne ya ɗora ta. Akwai kuwa mai faɗin haka, wani ɗalibi da ake kira Ɗan Gayu, wanda ya taɓa neman ta ta watsa masa ƙasa a ido. Tun daga ranar, in ta wuce sai ya ce, "Wasu da maki suke hawa sama, wasu da murmushi."

Sakamako ya fito. Raƙumi na ɗaya, Barkono ta biyu, Ɗan Gayu na uku.

Ta tare Raƙumi a bakin shingen filin jirgi, rana tsaka, ko inuwa ba ta nema ba.

"Saurara. Kada ka kuskura ka bar mini jirgin nan."

"Barkonona..."

"Babu wani Barkononka. Ka fi ni maki, ka ɗauki abinka. Zan ji zafi, amma zan warke. In ka bar mini shi, ya zama sadaka, kuma har in mutu ana nuna ni da baki. Wallahi ba zan yafe maka ba."

Ya murza hularsa. "In kuma ba na son sa fa?"

Ta yi wata dariya mai ɗaci. "Ɗan Kanar guda ba ya son jirgin yaƙi? Je ka faɗa wa wani."

Mahaifinsa tsohon Kanar ne da ya yi ritaya, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a cikin jirgin yaƙi, kuma tun yaron na cikin zanen goyo ya yanke masa abin da zai zama. Raƙumi ya sa hularsa ya tafi, bai yi mata bayani ba. Zurfin ciki ne babban aibinsa, kuma ranar ya cuce shi.

Ranar zaɓe rumfar ta cika. Iyaye a kujeru, hafsoshi a gaba, Kanar na zaune ya dogara haɓa a kan sandarsa. Aka kira na ɗaya. Raƙumi ya taka zuwa tebur, ya wuce jirgin yaƙi ko kallonsa bai yi ba, ya ɗauki na ceto, mai 'yar igiya a gefe.

Kanar ya miƙe, ya buga sandarsa a ƙasa, ya fice.

"Allah ya ba mu masoyi mai kyauta," in ji Ɗan Gayu, daidai yadda layin gaba zai ji.

Aka kira ta biyu. Barkono ta tsaya a gaban tebur, kunnuwanta na zafi. In ta bari, Ɗan Gayu ne zai ɗauka. Ta miƙa hannu ta ɗauki jirgin da ta yi shekaru tana mafarkinsa, ta ji shi a tafinta kamar garwashi. Aka tafa, amma ita dariya ta ji a cikin tafin.

Saƙonsa ya riga ta isa gida: "Barkonona, don Allah ki ba ni dama in yi miki bayani. Ba abin da kike zato ba ne."

Ta rubuta: "Ka mayar da ni abar dariya a ranar da na fi ƙauna a rayuwata. Kada ka sake kira na da sunan nan. Ka riƙe tausayinka, ka kai wa waɗanda za ka ceto."

Ta toshe lambarsa, ta kifa kai a cinyar mahaifiyarta ta yi kuka irin na haushi.

Ana cikin hutun da aka ba su, wata rana da la'asar, mota ta tsaya a ƙofar gidansu. Umma na kan keken ɗinkinta a falo, fanka na kaɗa ƙyallaye a ƙasa, Barkono na warware mata zare. Kanar ya shigo da guntuwar sallama, ya ƙi zama.

"Ke ce yarinyar?"

"Ni ce, Yallaɓai. Ina wuni?"

"Riƙe gaisuwarki. Na zo in ga wadda ta lalata mini ɗa."

Umma ta ɗage ƙafa daga keke. "Bawan Allah, nan ɗakina ne, ba bariki ba. In magana ce, ga kujera. In tsawa ce, ga ƙofa."

"Hajiya, ba ki san wahalar da na sha a kan yaron nan ba," ya ce, jijiyar wuyansa ta miƙe. "Tun yana ƙarami yake wannan shirme. Ya ɗaure kwando a igiya, ya hau saman bene yana zura wa 'ya'yan kyanwa, wai ceto yake yi. Ya cika bangon ɗakinsa da hotunan jiragen ɗaukar majinyata, na yage, ya sake mannawa, na sake yagewa. Da ƙyar na danne abin. Bai taɓa ce mini a'a ba, ko sau ɗaya. Sai da ya haɗu da 'yarki mai bakin reza, ya koyi taurin kai. Na tambaye shi dalili, wai ya ga mace ta tsaya a kan abin da take so, ya ji kunyar kansa."

Zaren ya suɓuce daga hannun Barkono, ya gangara ƙarƙashin kujera.

"Yallaɓai, tun yana ƙarami ka ce?"

"Kurma ce ke?"

"A'a. Na gode, Yallaɓai."

Kanar ya dube ta kamar ta zare. Ya zo ya zuba wuta ne, bai san ruwa ya kawo ba. Ya fita yana huci, Umma ta raka bayansa da tsaki.

Hutu na ƙarewa, Barkono ta je filin da masu ceto ke atisaye. Jirgin Raƙumi na tsaye a sama, igiya na saukowa a hankali, aka ɗaura mata buhun yashi mai siffar mutum, ta koma da shi ko lilo bai yi ba. Da ya sauka ya cire kwalkwali, ta ga fuskarsa kafin ya gan ta. Duk tsawon zamansu a jirgi ɗaya, ba ta taɓa ganin sa cikin farin ciki irin haka ba.

"Kai mugu ne," ta ce.

"Sannu da zuwa."

"Me ya hana ka faɗa mini?"

"Na fara. Kika ce in je in faɗa wa wani."

"Sai ka maimaita. Bakinka ciwo yake? Ka bar ni ina ta ƙuna a banza."

"Ke ma kin bar ni ina ta aika saƙo ga lambar da aka toshe."

Ta sunkuyar da kai, abin da ba ta saba ba. "Na yi kuskure, Raƙumina. Na ɗauka duniya duka a kaina take juyawa."

"Tawa dai a kanki take," ya ce a hankali. "Amma jirgin nan don kaina na ɗauka. Naki kuma guminki ne, ko Ɗan Gayu ya sani, baƙin ciki ne ke cin sa. Ki aure ni, mu ci gaba da faɗan a gida."

Ta ce sai ta yi tunani, alhali kanta ya riga ya gyaɗa.

Iyaye kuwa suka ce ba su san zancen ba. Umma ta ce ba za ta kai 'yarta gidan mutumin da ya zo har ɗakinta ya ci mata mutunci ba. Kanar ya ce ko sunan yarinyar kada a ambata a gabansa. Aka yi watanni ana jan igiya.

Manjo ne ya yi dabara. Ya aika wa Kanar gayyata zuwa atisayen harbi na sababbin matuƙa. Tsohon ya zo ne musamman don ya ga ta kwafsa. Sai ga jirginta ya ɓullo daga bayan tsauni, ƙasa-ƙasa, ya saki wuta a kan abin da aka kafa don harbi, ya karkata ya ɓace kafin ƙura ta lafa. Waɗanda ke kusa da shi sun ce hannunsa na motsi a kan sanda, yana bin kowane juyi.

Da ta sauka, ya tare ta fuska a murtuke. "Kin juya da wuri."

"Iska ce ta taso daga hagu, Yallaɓai."

"Kada ki koya mini iska."

Suka tsaya a rana suna gardama har Manjo ya gaji ya tafi. Bayan kwana biyu Kanar ya aika a tambaye ta wani abu game da sabon injin. Daga baya ya sake aikawa. Ƙarshenta dai ya sa babbar riga ya koma gidan Umma, ya yi cikakkiyar sallama, ya zauna a kujerar da ya ƙi a da. Haƙurin da ya bayar bai fi kalma uku ba, Umma ta sa ya maimaita don wai ƙarar keke ta hana ta ji.

Ranar ɗaurin aure, bayan jama'a sun ragu, aka kawo su gaban iyaye suka durƙusa. Umma ta sa musu albarka tana share ido da gefen mayafi. Kanar ya dubi amarya. Ya fi kowa a ɗakin sanin inda ake tura irin jirginta, da yadda wasu ba sa dawowa da kansu.

Ya ɗora hannu a kan amarya. "'Yata, Allah ya tashe ki lafiya, ya sauke ki lafiya."

Sannan ya juya ga ɗansa. Tun ranar zaɓe bai dube shi ido cikin ido ba sai yau.

"Kai kuma, in wata rana aka harbo ta a bayan dutse, kai za a tura. Ka iya aikinka da kyau, ka ji? Ka je ka ɗauko mini ita."

"In sha Allahu, Baba."

"Allah ya yi muku albarka, ku duka biyun."

Barkono ta laluɓo hannun mijinta ta ƙarƙashin mayafi ta damƙe, shi kuma bai ce ta sassauta ba.