Sunan da Nas Ta Kira

Maƙwabta kan ce matar mai gyaran firji ba ta da matsala, ko ƙafarta ka taka ita za ta ba ka haƙuri. Surukarta ma yabonta take yi: “Yarinyar kirki, tun ranar da ta shigo gidan nan ta bar min sunana.”

Sunansu ɗaya da tsohuwar. Mijin ne ya lallashe ta ta bar sunan tun kafin aure.

“Masoyiyata, da wane bakin zan riƙa kiran sunan Mama a ɗakinmu? Ga sunanki na tsakiya nan, ai ya ma fi daɗi.”

“Da na farkon babana ke kirana har ya rasu fa…”

“Za ki saba.”

Ta saba ɗin. Shi kuma ya manta.

Ranar da jini ya ɓalle mata da cikin fari, yana zaune kan benci a ƙofar ɗakin tiyata, hannu duk baƙin mai. Nas ta leƙo ta kira suna, ta ce ina mijinta? Ya ɗago kai, a ransa ya ce, Allah sarki, mai sunan Mama. Ya mayar da ido kan wayarsa. Nas ta yi ta kira har ta gaji, ta ja ƙofa.

Sai da aka gunguro gadon ya zabura. Cikin ya zube.

Nas ta harare shi. “Au, kai ne mijin? Kurma ne kai? Kuka take tana neman ka kafin a yi mata allurar barci!”

Da matar ta farfaɗo, bango ta juya wa fuska.

“Ina hango takalminka ta ƙasan ƙofa,” ta ce a hankali. “Ko motsi bai yi ba.”

“Wallahi ban gane ba ne…”

“Na sani. Shi ya fi min ciwo. Yayana na hanya, gida zan bi shi. Can ko katanga ta san sunana.”

“Haba rabin raina…”

“Bar ni da rabin ran nan! Kira ni.”

Daidai lokacin mahaifiyarsa ta shigo da kular abinci. Ya dube ta, ya dubi matarsa. Ya kira sunan.

Su biyun suka waiwayo.

“Ba da ke nake ba, Mama.”

Ya durƙusa a bakin gadon.

“Ni na raba ki da shi, kuma ko riƙe miki shi ban yi ba. Na cuce ki. Ki yafe min.”