Benen da Malam Yahaya Ya Gina

Ranar kasuwar Shagari Allah Ya haɗa su. Bahijja ta kawo atamfa shagon Maniru tela, ta yi sallama. Ya ɗago kai zai amsa, allura ta soke shi bai ji ba. Ita kuwa ta ja mayafi, ta sunkuyar da kai.

Maniru bai tsaya wasa ba. Cikin wata biyu magabatansa suka je Danchadi wurin mahaifinta, Malam Yahaya manomin albasa, aka sa rana.

Sai ga saƙonta a waya: "Sanyin idona, hotonmu na aure cikin birnin Sakkwato nike son a yi shi."

Nan take Maniru ya tuna da Khalid, ɗan kawunta mai aiki a birni, wanda ya taɓa nemanta. Shaiɗan ya sami ƙofa. Ya rubuta: "Tauraruwata, birnin kike so ko wanda ke cikinai?"

Kwana uku ba ta amsa ba.

Da maganar hoton ta kai kunnen Malam Yahaya, ransa ya ɓaci. Ya ce, "Ɗiyar da ke kunyar fadamar da ta ciyar da ita ba ta isa aure ba. A ɗage ranar."

Maniru ya yi istigfari, ya hau babur zuwa Danchadi, ya durƙusa a zaure. Ya ce, "Allah shi gafarta Malam, ni na fara munana mata zato. A kira ta mu ji."

Bahijja ta zauna bakin ƙofa. Mahaifinta ya ce, "Mi kika gani ga birni?"

Ta ce, "Baba, rani bakwai kana zuwa Sakkwato aikin gini. Benen nan mai hawa uku, mai tagogin gilashi, kai ka nuna min shi daga mota ina ƙarama. Yanzu amare na ta hoto gabanai don kyawonai, ba wadda ta san hannun da ya aza bulon. Ni na sani."

Malam Yahaya ya daɗe yana kallon tafin hannunsa.

Can ya ce, "Bangon gabas ni na yi mai yaɓe, ni kaɗai." Ya gyara murya. "Amma ba hoto sai an ɗaura. Kai kuma tela, ka ɗinka min riga, don da ni za a yi."

Maniru ya dube ta. "Kin yafe min?"

"Sai na ga ɗinkin," in ji ta.

Bayan ɗaurin aure da kwana biyu suka tsaya gaban benen, hasken la'asar na sauka a kan gilasan. Mai hoto ya ce dattijo ya matso tsakiya. Ya ƙi, ya tsaya gefe, ya dafa bangonsa.

Allah Ya ƙarfafa gidansu kamar yadda Ya ƙarfafa wancan gini, Ya ba su zuriya ta gari. Amin.