An Sace Ba Komai

Sufeto Lonjezo Kamwendo yana shan shayin safe a ofishinsa da ke Mangochi sai ya jiyo dariya daga wajen kantar karɓar ƙara. Ya leƙo. Wani tsoho ne a tsaye, ƙafafunsa duk yashi, kurata suna riƙe ciki.

"Me aka sace maka, Baba?" kofur ya sake tambaya.

"Ba Komai."

"To ka tafi gida mana!"

"In je gida in yi me, an sace mini Ba Komai?"

Sufeton bai yi dariya ba. Ya shigar da shi ofis, ya zuba masa shayi.

Sunansa Che Mtalika, masunci ne daga wani ƙauye a bakin tafki, kuma duk yankin an san shi da barkwanci. Ba Komai sunan kwalekwalensa ne, da harshen garin kuwa ana ce masa Palibe. Tun yana saurayi, in ya dawo daga su aka tambaye shi me ya kawo, sai ya nuna jirgin ya ce, "Ga shi kuna gani."

"Ko mai haraji ya tambaye ni me na mallaka, gaskiya nake gaya masa," in ji shi. Ya so ya yi murmushi, abin ya ƙi. "Yallaɓai, da shi nake ciyar da matata da jikoki marayu. Ga lokacin kifi ya kama."

"Tashi mu je."

A bakin ruwa turken yana nan, igiyar tana kwance a yashi. Kamwendo ya ɗaga ta ya duba bakinta.

"Ba yanka ta aka yi ba. Kwancewa aka yi."

"Ƙullin nan mahaifina ya koya mini," tsohon ya ce. "Wanda bai san shi ba sai dai ya sa wuƙa."

"Wa ya san shi?"

Che Mtalika ya ce, "Bwanali da Twaibu. Duk a hannuna suka koyi su."

Akwai gwangwanin shuɗin fenti a gefe. Tsohon ya ce jiya da safe ya sabunta rubutun sunan a jikin jirgin, bai ko bushe ba aka yi shelar jana'iza a ƙauyen gaba, kusan kowa ya tafi. Da suka dawo da la'asar sai turke kawai.

Can ƙasa wata dattijuwa, Abiti Sumani, tana wanki tana mita.

"Mama, kin ga wani abu jiya?"

"Ban ga komai ba."

"Ba ki ga komai ba, ko ba ki ga Ba Komai ba?"

"Kai ma ka kamu da ciwon tsohon nan? Duka biyun! Ni ma ai an cuce ni, amma wa zai kai ƙarar dutse?"

"Wane dutse?"

"Duwatsun da muke buga wanki a kai. Manya-manya, an kwashe su tas. Dubi yadda nake fama da gungume."

Sufeton ya tsaya yana kallon ramukan da duwatsun suka bari a yashi. Wanda zai sayar da jirgi ba ya loda masa duwatsu.

Ya tarar da Bwanali yana gyaran injin jirginsa.

"Ina kake jiya da rana?"

"Wurin jana'iza, yallaɓai. Har ƙasa na zuba."

"Wa ya tsaya kusa da kai?"

"Mutane... da yawa."

Kamwendo ya zagaya bayan danga ya jawo wani gidan sauro jiƙe sharkaf, ƙananan kifi maƙale a jikinsa.

"Wannan ma ya je jana'izar?"

Bwanali ya ajiye sifana. Ya amsa cewa ya faki idon jama'a ne ya yi su da gidan sauro, abin da doka ta hana.

"Wannan za mu yi maganarsa daga baya. Me ka gani a ruwa?"

"Na hango Ba Komai ya nufi wajen kyauro, ya nitse sosai kamar mai kaya. Ban gane matuƙin ba, akwai nisa."

"Wa ke jin haushin Che Mtalika?"

Bwanali ya sosa ƙeya. "Sai dai ko Twaibu. Ran da aka je nema masa auren Asiyatu, ya ce zai ba ta duk abin da ya mallaka. Sai tsoho ya ce, 'A'a, ɗana, ai Ba Komai nawa ne, kada ka yi kyauta da jirgina.' Aka yi ta dariya har da faɗuwa. Washegari kawun yarinyar ya ce ya fasa."

Twaibu yana zaune a gidan yayarsa, ya rufa da zane.

"Zazzaɓi nake tun shekaranjiya, yallaɓai. Ko ƙofa ban fita ba."

"Sannu. Miƙo ƙafarka."

Ƙwaurinsa duk sabon yankan kyauro ne.

"Kaikayi ne, na sosa."

Sufeton ya taka zuwa igiyar shanya, inda wani wando ke ɗiga. An wanke shi, amma fentin mai bai fita ba. A cinyar wandon ga shuɗin haruffa a juye, kamar hatimi, inda mai shi ya jingina da jikin jirgi yana loda kaya.

"Wandonka ne?"

"Nawa ne."

"Me ke jikinsa?"

"Ba komai, yallaɓai."

"Ni ma abin da na karanta ke nan."

Yayarsa ta dafe baki. Twaibu ya dubi wandon, ya dubi ƙasa, sai hawaye.

"Ni ne. Na cika shi da duwatsu na nutsar da shi a cikin kyauro. Ban fasa shi ba, na ɗaga gatari na kasa. A cikinsa na koyi riƙe filafili." Ya share fuska. "Yara suna bina suna cewa ga angon Ba Komai. Shi ya yi dariyarsa ya manta. Ni na rasa mata."

Ya kai su wurin da kansa, da ankwa a hannu. Samari suka yi nutso suna fito da duwatsu, Abiti Sumani tana tsaye a gaɓa tana nuna nata. Da nauyi ya ragu sai jirgin ya taso a hankali, ruwa na zuba ta gefensa, ko tsaga babu. Mata suka rangaɗa guɗa. Matar tsohon ta shiga ruwa har gwiwa da zanenta, tana shafa katakon tana hamdala.

Che Mtalika ya kama hannun sufeton da hannu biyu.

"Kowa a ofishin nan dariya ya yi, kai ka ba ni shayi. Jikokina za su ci abinci saboda kai. Allah ya saka maka, ya raya naka." Ya dubi motar 'yan sanda, inda aka sa Twaibu. "Ba za a bar mini shi ba?"

"Sai gaban alƙali, Baba. Amma kana iya zuwa ka yi magana."

"Zan zo."

Ya karɓi gasasshen kifi a ganye daga hannun matarsa, ya taka zuwa bayan motar inda Twaibu ke zaune, kansa a sunkuye.

"Ɗana, ka ci a hanya. Na gode da ka ajiye gatarin nan. Yau ɗin nan zan je wurin kawun Asiyatu in gaya masa wanda ya fi kowa iya su a tafkin nan, in kuma gaya masa bakina ne ya yi ɓarna."

Twaibu bai ɗago ba, amma ya miƙo hannuwansa biyu da ankwar ya karɓa. Kamwendo ya rufe ƙofa, ya ce wa direba su tafi.